Awon Tsakin Uwar Ganguna

Da sunan Wanda ya ɗaga sammai ba ginshiƙi, ya rataye taurari ba igiya, ya sanya wa kowane abu hanyarsa da ranar ƙarewarsa. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ce Kande 'yar Nomau, wadda mutanen Tudun Gishiri suke kira Mai-Mudu. Na auna gero, na auna dawa, na auna sararin sama, ban taɓa tauye mudu ba ko sau ɗaya. Duk da haka da bakina na kashe yayana. Ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi, don na gaji da jin labarin a bakin waɗanda ba su je ba.

Duniyarmu, Tudun Gishiri, tana can bayan taurarin da kuka sani. Ƙasa ce ja mai faɗi, wadda gishiri ya tasam ma rijiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in ka dafa tuwo da ruwan wasu unguwanni ko akuya ba ta ci. A samanmu kuwa akwai wani wata kore mai ruwa da ciyawa, muna kiransa Fadama. Sau ɗaya yake matsowa kusa da mu a cikin shekara bakwai. Saboda haka dattawa suka sa aka ƙera babban jirgi mai suna Taguwa, wanda zai kwashi mutum ɗari huɗu da irin shuka zuwa can. Madugun jirgin shi ne yayana Barau, wanda ya goye ni a bayansa tun ranar da uwarmu ta rasu.

To amma kakanninmu sun bar mana gado. Shekara ɗari uku suka yi suna harba rokoki, roka kuwa hawa-hawa take, kowane hawa ganga ce ta ƙarfe cike da mai. In man ya ƙone sai a saki gangar a sama a wuce. Ba wanda ya taɓa damuwa ya tsiyaye ɗan ragowar man da ke kwance a gindinta. Rana ta gasa ta, inuwa ta daskarar da ita, yau da gobe sai ta fashe. Ɓaraguzan ba sa faɗowa, sai su yi ta zagaya duniya da gudun da ya ninka na harsashi sau goma. Masu hikima ke nan, waɗanda ake sa mu yi wa kabarinsu shara duk shekara.

Ana saura wata huɗu Taguwa ta tashi, ganga mafi girma a cikinsu, wadda ake kira Uwar Ganguna, ta fashe daidai kan hanyar Fadama.

Aka taru a gindin hasumiyar duba sama. Mai tsaron hasumiyar shi ne Baba Cindo, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe mu bayan mun zama marayu. Ya yi wa taro bayani cewa ɓaraguzan kashi uku ne. Akwai manya kamar ƙwarya, waɗannan madubin hangen nesa na hasumiya yana ganinsu, ana iya kauce musu. Akwai gari, wanda ko ya bugi jirgi sai dai ya goge masa fenti. A tsakaninsu akwai tsaki, daga girman ƙwayar dawa zuwa na goro. Shi madubi ba ya ganinsa, jikin jirgi kuma ba ya tare shi. Ba wanda ya san yawansa, in ji Baba Cindo, kuma ba yadda za a ƙirga abin da ba a gani.

Ina can baya da kwanon awona a hannu. Ban san lokacin da na kutsa tsakiyar taron ba, na ce mai sayen hatsi ba ya ƙirga ƙwayoyin buhu, hannu yake zurawa ya ɗebo, abin da ya gani a tafinsa shi ke cikin buhun. A je a zura hannu mana.

Baba Cindo ya dube ni ta saman tabaransa, ya ce in fita in sake shigowa da sallama. A gaban mutum dubu ya sa na fita, na dawo, na durƙusa, na tambaye shi kwana da gajiya da iyali, alhali gida ɗaya muka kwana. Sai da na gama sannan ya ce in maimaita maganata. Haka muke da shi tun ina yarinya. Shi mutum ne da zai iya gaishe ka har shayinka ya huce, ni kuwa in na zo da magana, maganar nake fara faɗa. Yaya Barau yakan ce ranar da aka raba gaisuwa ina kasuwa.

Da yake ni na kawo shawarar, kuma ni ce mara nauyin da ƙaramin jirgin leƙe zai iya ɗauka, sai aka ce ni zan je. Jirgin sunansa Ƙoƙo, kuma sunan ya dace da shi. Kwana arba'in Yaya Barau yana koya mini tuƙi, yana dariya duk lokacin da na zagi injin. Na tanadi faifan ƙarfe goma sha biyu, na shafe su da yumɓu, da nufin in riƙa miƙa su cikin ɓaraguzan in ƙirga ramukan da za su bari. Na ƙulle gero da dawa da wake a bakin zanena don gwada girman ramukan. Kwanon awona ma ban bar shi ba.

Ranar tashi muka yi alkawari mu uku a gindin hasumiya. Baba Cindo ya ce kafin ranar tashin Taguwa zai kira ni ta rediyo ya tambaye ni hanya. In na ce da kyau, za su tashi. In na ce ba kyau, ko kuma ba su ji daga gare ni ba sam, za su haƙura sai bayan wata shekara bakwai, ko da rabin rijiyoyin sun mutu. Yaya Barau ya gyara mini ɗamarar kujera da hannunsa, ya ce, "Kande, abin da mudunki ya ce shi zan bi. In kin ce in shiga wuta, shiga zan yi."

Na ce masa ya daina surutu ya rufe ƙofa.

Farkon abin da na iske a sama shi ne wurin da ake kira Maƙabartar Ganguna. Ɗaruruwansu ne, kowace ta kai rumbu uku tsawo, suna juyawa a hankali, da sunayen sarakunan da suka harba su a rubuce a jikinsu da ruwan zinariya. Ina ratsawa tsakaninsu sai na ga wata a gabana cikinta ya kumbura kamar ƙosai a mai, farin hayaƙi yana tsartuwa ta wata tsaga. Gudu ba zai fisshe ni ba, sai dai in ɓuya a cikin wata gangar, amma in na shiga wadda ke da mai a ciki na kai kaina ga halaka ne. Sai na tuna yadda nake gane rumbun da ya ƙare ba tare da na leƙa ba. Na tunkuyi ta kusa da ni da hancin Ƙoƙo, na kasa kunne a jikin bango, na ji ta amsa da nauyi. Na tunkuyi ta biyu, ita ma haka. Ta uku ce ta yi ƙara fayau. Na cusa Ƙoƙo ta bakinta, ban gama shiga ba waccan ta tarwatse. Ban ji ƙarar fashewar ba, don sama ba ta ɗaukar sauti, sai ruwan ƙarfe da na ji yana sauka a bayan gangar da ta ɓoye ni.

Da na fito na duba kayana, sai na ga yumɓun da na shafa wa faifaina ya bushe ya farfashe ya zube. Tankin iskata kuma ya tsage. Ga ni a sama ba abin awo, ba iskar da za ta kai ni gobe.

Ina cikin wannan hali na hango fitila. Ganguna bakwai ne aka ɗaure da sarƙa, aka huda musu tagogi. Na taɓa jin labarin wata tsohuwa, Inna Tabawa Mai-Tatsa, wadda aka ce tana zaune a sama tana bin ganguna tana buɗe musu famfo don man ya tsiyaye kafin su fashe, amma na ɗauka tatsuniya ce. Na manna Ƙoƙo a ƙofarta, na buga da ƙarfi, na yi ihu ta bututun magana cewa a buɗe, iskata ta kusa ƙarewa.

Wata murya ta amso a natse. "Wace ce wannan da ba a koya mata sallama ba?"

Na ce mutuwa zan yi. Ta ce ai ko Mala'ikan mutuwa in ya zo ƙofar nan sai ya yi sallama. Na zage ta a zuci, na yi sallama. Ta amsa, ta tambaye ni kwana, na ce lafiya. Ta tambaye ni gajiya, na ce ba gajiya, alhali idona ya fara ganin duhu-duhu. Ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ya hanya, na ce hanya ba kyau, ganga ta fashe mini, tanki ya tsage. Ta ce ba haka ake amsawa ba, a sake. Na ce lafiya lau. Sannan ta zare sakata.

A cikin gidan nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Kabewa da wake suna yaɗo ta kowane gefe, ba sama ba ƙasa. Ƙudan zuma suna shawagi, da yake kuma ba nauyin da zai ja saƙarsu ƙasa, sai suke gina ta a dunƙule kamar goruba, tana yawo a tsakiyar ɗaki. Ita kanta Inna Tabawa ta ƙanƙance, ƙafafunta sun zama kamar sillen kara don shekara talatin ba su taka ƙasa ba.

Kwana tara na yi a wurinta tana liƙe mini tanki. Ta ba ni labari cewa ita da mijinta suka hau tun suna da ƙarfi, don su tatse gangunan nan kafin su rufe sama. Tsaki ɗaya mai girman wake ya kashe shi a shekara ta huɗu. Ita kaɗai ta tatse ganga ɗari takwas, saura dubu biyu da wani abu. Uwar Ganguna kuwa saura tafiyar kwana biyu ta isa gare ta ta fashe. Ba ta yi kuka ba da take faɗa, sai dai ta daɗe tana kallon hannuwanta.

Kowace safiya sai ta sa na gaishe ta tun daga farko har ƙarshe, in na yi tuntuɓe a sake. Rana ta biyar na ƙule, na ce mata wannan ɓata lokaci ne irin na Baba Cindo da ya riƙe ni, mutum yana cikin masifa a ce ya ce lafiya lau. Ta ce, "'Yar nan, shekara ashirin da shida ban sami wanda zan ce wa ina kwana ba sai ƙudan zuma. Duk abin da na taho da shi daga ƙasa ya ƙare, wannan kaɗai ya rage mini. Wanda ya riƙe ki ma ba don ya ɓata miki lokaci yake yi ba. So yake ya ji muryarki ta daɗe a kunnensa."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na tuna Baba Cindo da yawan ranakun da na wuce shi a zaure da guntun "sannu" kamar ina jefa wa kare ƙashi. Na yi niyya a raina in Allah ya mai da ni gida zan gaishe shi gaisuwar da zai gaji da kansa. Daga ranar na riƙa amsa wa Inna Tabawa ba gardama, har bakina ya saba, ya zama ko cikin barci aka ce ya gajiya sai in ce ba gajiya.

Ita ce ta warware mini matsalar faifai. Ta narka kakin zuma ta shafe su da kauri, ta ce shi ba ya bushewa, kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya bar shaida. Ta ƙara mini da curi guda na kakin, ta ce in ajiye kusa da hannu.

Daga nan na nufi inda Uwar Ganguna ta fashe. Daga nesa abin gwanin kyau ne, wani farin gajimare mai ƙyalli ya miƙe daga gabas har yamma. Na tsaya a gefensa na fara aiki. In ɗaura faifai a kan doguwar sanda, in miƙa shi ciki, in ƙirga numfashi ɗari, in janyo. Sai in kwance bakin zanena. Ramin da ƙwayar gero ta cika, gari ne, ba ruwana da shi. Wanda ya haɗiye dawa ko wake, ko ya huda faifan ya wuce, tsaki ne, sai in yi masa zane a bango. Na auna sama-sama, na auna tsakiya, na auna ƙasa, don na san halin buhu, mai algus ba ya sa tsakuwa a bakin buhu. Wuri goma sha biyu na auna, faifai goma sha biyu, cikin kwana goma sha ɗaya.

Sannan na zauna na haɗa. Na san faɗin Taguwa, faifai nawa ne za su rufe gabanta. Na san numfashi nawa za ta yi kafin ta ratsa gajimaren. Abin da ya fito shi ne tsaki arba'in zai same ta, alhali uku sun isa su fasa ɗakin fasinja. Na sake haɗawa har sau uku ko zan sami kuskure, ban samu ba. Na kuma lura tsakin yana gangarowa a hankali zuwa inda iskar duniya za ta ƙone shi, nan da shekara bakwai hanyar za ta buɗe da kanta. Amsar a fili take, ba bana ba.

Ina janyo faifai na ƙarshe tsaki ya same ni. Ya karya eriyar rediyo, ya huda bangon Ƙoƙo daidai kafaɗata, ya fasa batir, ya fita ta ɗaya gefen. Iska ta fara gudu da fito. Na gutsiri kakin Inna Tabawa na cusa a rami ɗaya, sauran na cusa a na biyu, amma na biyun ya fi faɗi, kakin yana neman zurarewa waje. Na kifa kwanon awona a kai, iskar da ke neman fita ta manne shi gam. Haka kwanon da na auna hatsi da shi shekara ashirin ya zama bangon ɗakina.

Da na duba rediyon sai na ga bai mutu duka ba. Ba eriya, don haka ba zai kai ko'ina ba sai in ina daidai saman hasumiya. Abin da ya rage a batir kuma bai fi na numfashi uku ko huɗu ba. Na lissafa tafiyata, na ga zan ratsa saman hasumiya sau ɗaya tak, ana gobe tashin Taguwa. Kwana uku na yi ina jira. Na shirya kalmomina guda uku, ina ta maimaita su kamar mai haddar karatu: kada ku tashi, kada ku tashi.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da ke hana ni sukuni har yau. Da na bar rediyon a kashe, da ba abin da ya faru. Alkawarinmu ya ce in ba su ji ni ba, su zauna. Amma na ce a raina kada Yaya ya ɗauka na mutu, kada tsohon nan ya yi ta kuka. Sai na kunna.

Muryar Baba Cindo ta fito can ƙasa-ƙasa, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Bai yi sallama ba. Bai tambaye ni kwana ba. Ya ce, "Kande, ya hanya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ya mutan gi..."

Fitilar rediyon ta mutu.

Sai da na ji shirun sannan na ji abin da bakina ya faɗa. Na jijjiga rediyon, na buga shi da bango, na lashi wayoyin batir ko da saura. Na yi ihun kalmomina uku har muryata ta dushe, ba mai ji sai kwanon awo. Shekara talatin da biyu ana roƙona in amsa gaisuwa kamar 'yar mutane ina ƙi, sai ranar da ba gaisuwa ake yi mini ba na amsa.

Washegari da hantsi na ga zaren wuta ya taso daga jar ƙasa. Na ƙone ɗan man da ya rage mini na tare su a bakin gajimaren. Kafin in isa, Taguwa ta riga ta saki gangarta ta ƙarshe, wato ba komawa baya, ga kuma sabuwar ganga mun ƙara wa Inna Tabawa. Na zaɓi faifan da ya fi shan huda, na ɗaura a sanda, na matsa har gaban tagar madugu, na ɗaga shi saitin rana. Haske ya zubo ta ramukan ya sauka a fuskar Yaya Barau ɗigo-ɗigo.

Da farko dariya yake yi yana ɗaga mini hannu. Sai na ga dariyar ta tsaya. Ya dubi faifan, ya dube ni. Na buɗe yatsuna goma sau huɗu. Ya gyaɗa kai. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma da na gani da ya fi mini sauƙi.

Ya yi magana a bututu, na ga mutanen da ke ɗakin tuƙi suna fita zuwa baya, ya rufe ƙofa a bayansu. Gaban Taguwa shi ne inda ƙarfe ya fi kauri, nan ne kuma aka jera tankunan ruwa da buhunan iri. Sai ya juya jirgin, maimakon ya ratsa gajimaren a karkace yadda aka tsara, ya sa hancinsa ya fuskanci inda tsakin ke fitowa, ɗakin fasinja ya koma bayan duk wannan kaya. Jirgi ba ya tsayawa a haka da kansa, sai da hannu a kan sitiyari. Ya nuna mini bayan jirgin da yatsa, irin nunin da yake mini in na tsaya gardama muna yara. Na je na manna Ƙoƙo a can.

Ta jikin ƙarfe nake jin saukar tsakin, kuma na ƙirga, don ban iya komai ba sai ƙirga. Na goma sha tara ne ya sa jirgin ya yi ɗan layi, sannan ya daidaita. Daga na talatin ban ƙara jin an gyara sitiyari ba, ashe ya ɗaure shi da ɗamararsa. Da muka fita ɗaya gefen, lissafina ya tsaya a talatin da takwas. Da biyu kawai na kuskure. Mudun Kande bai yi ƙarya ba.

Mutum ɗari huɗu suka sauka a Fadama da ƙafafunsu, ba wanda ko ƙwarzane ya samu, sai madugunsu da aka sauko da shi a naɗe. Ni na zuba masa ƙasa ta farko, baƙar ƙasa mai danshi wadda bai taɓa takawa ba. Mutane suka yi shuka, gero ya yi kyau, suka haifi 'ya'ya. Har waƙa suka yi mini, wai Kande Mai-Mudu da ta auna sama ta nuna hanya. Na gaya musu gaskiya ba sau ɗaya ba, suka ce ƙaddara ce, suka ci gaba da waƙarsu, don waƙar ta fi daɗin ji. Ranar da aka rera ta a ƙofata na watsa musu ruwan wanke-wanke.

Na koma awo a sabuwar kasuwa da sabon kwano. Tun daga ranar kuwa ban ƙara amsa tambaya da abin da ba shi ne ba. In ka ce mini ya gajiya, zan gaya maka inda ke mini ciwo. In na dawo daga ƙauye ka ce ya hanya, za ka ji gada nawa ta karye da inda laka ta fi zurfi. Suna cewa sama ta taɓa mini kai. Su faɗa.

Bayan shekara bakwai Fadama ta sake matsawa kusa da Tudun Gishiri. Hanya ta buɗe kamar yadda na auna, jirgi na biyu ya ratso ko gari bai goge shi ba. A cikinsa akwai Baba Cindo. Waɗanda suka zo da shi sun ce tun ranar da labari ya kai musu ya sauka daga hasumiya, bai ƙara taɓa rediyo ba.

Da la'asar ya iso ƙofata yana dogara sanda. Ya yi sallama, na amsa, na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna. Daga baya ya ce shi ma kwana uku ya yi yana shiri a wancan lokaci. Da madubi ya hango eriyata a karye, ya san lokacin zai yi kaɗan, ya kuma san ba na son dogon zance. Shi ya sa ya yanke shawarar, karo ɗaya a rayuwarsa, ya ajiye gaisuwa ya tafi kai tsaye ga magana, irin yadda nake so. Na gaya masa labarin Inna Tabawa, da niyyar da na yi ta in gaishe shi har ya gaji. Ya cire tabaransa ya goge, ya mayar.

Sannan ya gyara zama ya fuskance ni, don ta'aziyyar da ba mu yi wa juna ba shekara bakwai ita ta kawo shi. Kowa ya san yadda ake tambaya, kowa ya san yadda ake amsawa.

Ya ce, "Kande, ya haƙuri?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "Ni ma babu."

Muka zauna a kan tabarmar har aka kira magariba. Iyakar abin da na gani ke nan, iyakar abin da na auna, ban tauye ba ban yi gyara ba. Wanda ya ɗaga sammai Shi ya san sauran.